Tukunyar Da Na Je Nema A Gwandu

Akwai ranar da har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ita ba, ranar da na je ziyara Gwandu. Ni ban iya rubutu ba, karatun allo ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Jikata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata idan na yi kuka ta jira ni, kada ta rage kome.

Maigidana, Malam, masunci ne a nan Kalgo, da damina kuma ya yi noman shinkafa a fadama. Asalinsu mutanen Gwandu ne, can ƙaninsa yake zaune. Wata shekara aka yi wa ƙanin nasa haihuwa, Malam ya shirya zuwa suna. Na cika wata jar tukunya da bandar kifi don mai jego, na ɗaure bakinta da tsumma. Tukunyar nan cikin kayan aurena ta zo, uwata ce ta ba ni, a wuyanta akwai zane kamar sawun kaza ya zagaye ta. Da zai fita na ce, "Malam, kifin nasu ne, tukunyar tawa ce, a maido mini abata." Ya yi dariya ya ce, "Ke da tukunyar ga, ko ni ba ki so haka." Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ciwon ciki ya kama shi a can, kwana ɗaya ya yi. Da safe ya cika, kafin azahar an kai shi makwancinsa a tsohuwar maƙabartar garin. Lokacin waya ba ta yawaita ba, sai washegari ɗan aike ya iso gare ni. Ko da a gabana ya rasu, mu mata ba mu bin gawa, iyakarmu ƙofar gida. Amma aƙalla da na ga fitarsa. Ni ko makara ban gani ba. Mutum ya fita da ƙafarsa, sai aka kawo mini hularsa da carbinsa.

Ina cikin takaba ƙanin nasa ya zo mini gaisuwa. Shi wannan abokin wasana ne tun ina amarya, ba ya ganina bai tsokane ni ba, amma ran nan kansa a ƙasa yake. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini, tukunyarki ba za ta dawo ba. Na fasa ta, na kafa wuyanta wajen kansa. Kabarin yana kusa da wata aduwa, dama da ƙofa. Na ce duk ranar da kika zo ba sai an nuna miki ba, ke za ki gane kayanki." Na yi kuka har na gode Allah. Na ce masa da na fita takaba zan zo.

Ban je ba. Da farko tsofaffin gidanmu suka ce mace ba ta shiga maƙabarta, addu'a daga ɗaki ma tana isa. Daga baya sai hidimar marayu ta sha kaina. In ce bayan damina, in ce bayan an yanke shinkafa, in ce sai na aurar da wance. Ƙanin Malam ya yi ta aiko mini da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa: "A ce wa matata tana nan tana yanga, ni fa tsufa nake yi." In yi dariya in ce a gaishe shi. Ashe da gaske yake. Haka shekara goma sha wani abu ta wuce kamar ruwan gulbi.

Sai da na shiga Islamiyyar tsofaffi a unguwarmu, wata rana malamarmu ta ce za a kai mu ziyarar hubbaren malamai a Gwandu. Na tambaye ta batun maƙabarta, ta ce in don addu'a ce da tuna lahira, ba kururuwa da birgima ba, in je in yi sallama in fito. Ranar tafiya na sa aka ɗebo mini ruwan gulbi a 'yar jarka, daga mashigin da Malam yake ɗaure jirginsa. Ba wanda ya ce in yi haka. Zuciyata ce kawai ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa bisa ruwa, an kwantar da shi cikin busasshiyar ƙasa, bari in yayyafa masa ko kaɗan ne.

Muka isa da hantsi. Muka tuɓe takalma a ƙofa, muka shiga a natse. Wurin yana da wani irin sanyi da shiru wanda ban taɓa jin irinsa ba, ga ƙanshin turare. Wani dattijo mai kula da wurin ya riƙa yi mana bayani. Ya nuna mana inda babban shehin nan yake kwance, wanda suka tsayar da addini a ƙasar nan shi da wansa, aka ba shi riƙon yamma. Ya ce mutum ne da bai damu da mulki ba kamar yadda ya damu da karatu, ya bar littattafan da har gobe ake karanta su a zaurukan malamai. Ya nuna mana na 'ya'yansa da jikokinsa da suka riƙe jama'a bayansa, wannan masani ne, wannan mai haƙuri ne, wancan ana zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga nesa. Kowane ya faɗi sunansa da na ubansa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, sai ka ce jiya aka binne su, alhali kakannin kakanninmu ma ba su riske su ba. Muka yi musu addu'a. Wata a cikinmu ta so ta ɗebi ƙasar wurin ta ƙulle a gefen zane, malama ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, addu'a muka kawo, ba guzuri muka zo ɗauka ba." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, in waɗanda suka daɗe haka an san inda kowa yake, ai nawa na jiya-jiya ba zai yi wuya ba.

Na roƙi malama su jira ni, na tambayi gidan ƙanin Malam. Na same shi zaune a zaure bisa buzu, ya rame, kansa fari fat. Na yi sallama, ya karkata kai yana saurare, idonsa na kallon bango. Ashe yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, fari kamar nono. Ba wanda ya gaya mini. Ko kuwa an gaya mini cewa idonsa na ciwo, na ɗauka irin na kowa ne.

Ya ce, "Wa nike ji kamar matata ta Kalgo?"

Na ce, "Ni ce, tsohon banza."

Ya ce, "Sai yanzu da na daina gani kika zo? To kin yi asarar kwalliya." Yana dariya, ni hawaye na zuba, na gode Allah da ba ya ganina.

Ya ce a ba shi sandarsa. Na riƙe kanta, ya riƙe gindinta, na ja shi har maƙabarta. A hanya yana ta ba ni ƙarfin gwiwa: da mun shiga ƙofa mu yi dama, aduwa na nan, ba nisa. Da muka isa na ga an zagaye wurin da katangar bulo, an sa ƙofar ƙarfe. Na gaya masa. Ya tsaya cak. Ya ce, "Ƙofar tana duban ina?" Na ce gabas. Ya ce, "A'a, tamu ta da daga kudu take." Muka yi sallama ga mazauna wurin, muka shiga, muka bi gefen katanga har kudu. Ya ce, "Duba aduwa." Na duba. Ba aduwa, ba kututturenta. Wani mutum da ke gyaran wani kabari ya ce mana iska ta kayar da ita shekarun baya, an sare an yi rufin kaburbura da itacen.

Ya ce, "To duba tukunyarki, Yaya. Ke kin san ta."

Wayyo Allah. Ko'ina na juya fasassun tukwane ne. Ja, baƙi, manya, ƙanana, wasu sun nutse cikin ƙasa, wasu ruwan damina ya cinye su sun zama tsakuwa. Na duƙa ina bi ɗaya bayan ɗaya ina goge su da gefen mayafina, ina neman sawun kaza. Shi ma ya durƙusa yana lalube da hannu, in ya taɓa wani kasko ya miƙo mini ya ce, "Wanga fa?" In ce ba shi ba ne. Rana ta take, gwiwoyina suka yi tsami, ƙaya ta soke shi a yatsa bai ko ji ba. Can na ga wani guntu ja mai ɗan zane, gabana ya faɗi. Na tofa masa yawu na goge. Zanen layi ne miƙaƙƙe, na wata ce, ba nawa ba.

Daga ƙarshe ya zauna a ƙasa ya dafa kai. Ya ce, "Tsakanin nan da can yake, wallahi. Da hannuna na sa shi. Ki yafe mini, na kasa riƙe miki amana." Tsoho da furfura yana kuka kamar yaro. Na ce, "Kai ka riƙe, ni ce ban zo karɓa ba."

Muka ɗaga hannu muka yi wa duk wanda ke kwance a wurin addu'a, na san nawa yana ciki. Sannan na kwance jarkar nan daga bayana. Na tsaya da ita a hannu ina duban tudun ƙasa birjik, ban san inda zan zuba ba. Sai na ji numfashin tsohon nan yana fita da ƙyar, leɓensa ya bushe ya tsage. Na buɗe na sa masa a hannu na ce, "Sha. Ruwan mashigin ɗan'uwanka ne." Ya kurɓa, ya ce, "Haka yake warin laka tun muna yara in mun je Kalgo hutu." Ya shanye, ya shafe fuskarsa da sauran. Bai ƙara shekara ba shi ma ya bi wansa.

A mota mata suna ta hirar shehunan nan da darajarsu, ni ina jingine da taga. Su abin da suka bari ne ya riƙe sunansu, ko an rushe ginin ba za su ɓace ba. Irinmu kuwa, alamarmu kasko ne da idon wanda ya binne mu, kuma duka biyun ba su jira. Na sani addu'ata tana isa ga Malam duk inda yake, Allah ba ya ɓatan kabari. Amma ni 'yar Adam ce, na so in tsaya daidai kansa sau ɗaya in ce masa ga ni na zo.

Don haka duk wanda aka karanta wa wannan, in akwai mai kiranka ka zo, tashi ka tafi tun yana ganinka. Kada ka ce sai bayan damina. Ni damina ce ta cinye mini tukunyata.