Ƙwaya Biyu Sun Ɓace a Katin Maganina

Salamu alaikum. Shekara guda da wata huɗu ke nan ban ce muku uffan ba. Masu tambaya ko ina raye, ina nan, ban tafi ba tukuna.

Da ciwon baya ya fara. Na ɗora wa shinkafar fadama laifi, don duk tsufana ban daina zuwa duba masu yanka ba. Sai kasala, sai jini ya yi ƙasa. Ran nan na sunkuya ɗaukar buta, na ji haƙarƙarina ya ce ƙas.

Daga Haɗejia aka tura ni Kano. Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ƙashi, sannan aka soka mini allura a ƙugu aka zuƙo ɓargo. Haihuwata bakwai ban yi ihu ba, ranar na yi.

Likitar, yarinya sa'ar 'yata, ta ce ciwon dajin ɓargo ne, sunansa mayeloma. Shanu biyu muka sayar kafin a fara magani.

Da na karanta sunan ɗaya daga cikin ƙwayoyin, nan take na gane shi. Talidomaid.

Ni tsohuwar ungozomar asibiti ce. Na yi makaranta lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, ana ta shimfiɗa kwalta. Malamarmu ta nuna mana hotunan jarirai, tafin hannu manne a kafaɗa, babu damtse. Ta ce uwayensu wannan maganin suka sha da ciki. Ban taɓa mantawa ba.

Na ce wa likita, "Gwaji za ku yi da ni don kun ga 'yar ƙauye?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Hajiya, shi ne, ban ɓoye miki ba. Yana danne wannan ciwon. Amma ke kaɗai za ki sha. Mai ciki ko ƙwaya ɗaya ta haɗiya, tana iya nakasa ɗan."

Ta haɗa mini da maganin hana jini daskarewa. Ta ce in ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada in jira gobe. Na karɓa, amma ban yarda da ita ba. Sai da na sa aka buɗe kwalin a gabana.

Talidomaid ɗin ya sa ni barci kamar kasa, ya ƙulle mini ciki, yatsun ƙafata suka riƙa mutuwa. Amma wata biyu da farawa na yi sallah a tsaye.

Nan matsala ta taso. Kun san halinmu, magani in ya yi wa mutum ɗaya aiki ya zama na unguwa. Masu zuwa dubiya suka fara, "Hajiya, a sam mini ko ɗaya, bayan nan ya hana ni sakat." Na hana kowa. Aka ce na yi rowa. Ni kuma na koma kallon hannun duk wadda ta zauna kusa da matashina.

Wata Talata da hantsi na ciro katin ƙwayoyin daga ƙarƙashin matashi, na ga gurbi biyu a fashe. Na san ba ni ba ce.

Akwai Safiya a gidan, matar autana, 'yar Kirikasamma. Kwana biyu na lura tana yawan tofar da yawu, tana dafe ƙugu. Idon ungozoma ba ya kuskure wannan. Amma cikin fari ne, ita ba za ta faɗa ba, ni ma ban ce na gani ba. Haka muka gada.

Na kira ta. "Safiya, kin taɓa mini magani?"

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na kira ta ɓarauniya. Allah Ya yafe mini.

Sai Malam, maigidana, ya leƙo daga zaure. Ya ce, "Me ya yi zafi? Ni na ɗauka jiya na ba ta. Yarinya na fama da baya, ga magani a gida."

Har da murmushinsa, shi a ganinsa alheri ya yi. Bai san da cikin ba, kuma Safiya ba ta da bakin da za ta ce wa surukinta a'a, balle ta faɗi dalili.

Na ajiye kunya gefe. Na riƙo hannunta na ce, "'Yata, na san kina da ciki. Don Allah, kin sha?"

Malam ya juya ya fita, ko takalmi bai saka daidai ba.

Ta kwance bakin zaninta. Ga su nan guda biyu, a ƙudundune cikin takarda, ko ɗaya bai fashe ba.

Na zauna a ƙasa ina kuka. Na sa ta wanke hannu da sabulu, na roƙe ta gafara. Ran nan na sa aka sayo ƙaramin akwati da kwaɗo.

Yanzu likita ta ce ciwon ya lafa. Ba ta ce ya tafi ba, ina zuwa gwajin jini duk wata. Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar da na zarga da yin gwaji da ni, na gode muku da addu'a.

In an ba ku wannan magani, ku kulle shi, ku riƙa duba katin. Kada ku fasa ƙwayar. Wanda ya rage a mayar asibiti. Mace mai shekarun haihuwa, sai an auna ciki kafin ta fara. Namiji mai sha, ya tambayi likita yadda zai kare matarsa. Kuma ku faɗa wa kowa a gida dalilin hanawa, har maigida. Ni rowa kawai suka gani, don ban taɓa yi musu bayani ba.

Safiya ta sauka watan jiya, mace, lafiya lau. Ni na yi mata wankan farko. Ina cikin cuɗa ɗan hannun na tambayi Safiya abin da ya hana ta shan maganin ranar.

Ta ce, "Inna, amai ne. Komai na haɗiya dawowa yake, na ga kada in yi asarar maganin da Baffa ya ba ni. Na ajiye sai ya tsaya."

Washegarin ranar da na kira ta aman ya tsaya.