Tiyon da Na Toshe

Shekarar da aka turo ni Dogon Dutsi aikin duba lakwal-lakwal, makarantun boko na ƙauyuka, na zo da moto, babur irin na zamani, wanda na'ura ke fesa wa esansi, wato fetur. A birni abin tinƙaho ne. A nan kuwa esansin kwalba na bakin hanya bai yi wata biyu ba ya toshe na'urar. Aka nuna mini wani tsohon makanike a gefen tasha, wanda 'yan kabu-kabu ke cika rumfarsa tun da sassafe. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu.

Ya cire na'urar ya sa karbireta, ya cire akwatin iska don bai dace da ita ba. Sai wani siririn tiyo ya rage yana reto, wanda a da cikin akwatin yake shiga. Baba ya bi da shi ƙarƙashin sirdi, ya ɗaure masa guntun soso a baki saboda rairayi.

"Mushe, wanga tiyo ta nan inji ka lumhwashi. Kak ka toshe shi."

Mushe ake ce wa ma'aikacin boko irina a can. Na ce to. Ni kuwa mutum ne mai son fararen kaya, ban iya ganin tabo in kawar da kai. Tiyon yana fitar da tururin baƙin mai kaɗan-kaɗan, kowace tafiya sai na sauka da ɗigo a ƙafar wando. Wata safiya zan tafi Dumega, na ɗaga sirdi, na kwance soson, na karya aswakin da ke bakina na cusa a tiyon. Ya zauna daram, na kama hanya.

Ban yi rabin tafiyar ba iskar da ta rasa mafita ta ɓalle robar da ke tare mai a gefen injin. Man ya tsiyaye cikin rairayi. Motar 'yan kasuwa ce ta dawo da ni bayan la'asar, moton a ɗaure kan buhunan hatsi.

Allah ya sani, na manta da aswakin. Na isa rumfar da zafina, a gaban 'yan kabu-kabu na ce tsufa ya ci hannunsa, ya lalata mini moto mai tsada, wanda ke son injinsa ya nemi wani wuri. Da Faransanci na ƙarasa, don ya fi ciwo. Baba ya matso kusa da moton. Ya ɗaga sirdi, ya laluba, na ga ya zaro wani abu ya jefa a aljihu. A nan na tuna, kunya ta kama ni, amma bakina ya riga ya yi nisa.

Kwana biyu ya yi a kan aikin. Ya sake robar, ya ƙara wa tiyon tsawo, ya kai bakinsa cikin wani ɗan gwangwanin tumatir da ya ɗaure a baya, inda man zai taru ba tare da ya taɓa wandona ba. Da zan tafi ya ba ni hannu, na ji abu a tafina. Guntun aswakin ne, ya yi baƙi, da shaidar haƙorana a jiki.

"Naka na, Mushe. Sauka lahiya."

Mutum biyar ko shida na zaune a benci. Magana ɗaya ta isa ta wanke shi, ban yi ta ba. Na ce sai gobe, goben ta zama mako, har ya zama tayar da zancen ya fi barinsa nauyi. Maganar mushe kuwa tana da ƙafa a tasha. 'Yan kabu-kabu suka riƙa zarewa ɗaya-ɗaya zuwa wani sabon gareji.

Ranar da zan bar garin na bi ta wurinsa. Bencin ba kowa, yana facin taya shi kaɗai. Ya ɗago ya gaishe ni, ya tambaya ko wandona ya daina ɓaci. Na ce ya daina.