Yaron Abba na Japan

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda Hausawan Alƙahira suka fi sani da Malam Tarjama, saboda shi yake raka marasa lafiyar da suka zo daga gida zuwa asibiti yana fassara tsakaninsu da likita. Masu rubutu irin wannan sukan fara da haƙurin mamaci da kyautarsa da yawan ibadarsa. Abba yana da su duka, kuma akwai manyan da suka fi ni iya faɗarsu. Ni dai abin da zan ba ku labari shi ne ciwon da ya yi ta fama da shi wanda babu likitan Masar da ya san maganinsa, wato besbol.

Ga wanda bai sani ba, wasa ne da mutum ɗaya yake jefa ƙwallo mai tauri kamar ɗanyen mangwaro, wani ya tsaya da kulki yana neman ya kai mata duka, sauran kuma su bazu a fili suna jiran ikon Allah. Ana iya ɗora girki a sauke, a ci, a wanke kwanuka, ba a ci ko ɗaya ba. A ƙasar da jariri ma yake da kulob ɗin ƙwallon ƙafa tun kafin a raɗa masa suna, wannan wasan Abba ya zaɓa.

Ya kamu ne tun yana gwauro a unguwar Hayyus Sabi', lokacin da ya zauna gida ɗaya da wani Bajapane da ya musulunta ya zo koyon Larabci. Bajapanen ya gama ya koma ƙasarsu, ya bar wa Abba ƙungiyar garinsu kamar yadda mai tashi yake bar wa maƙwabci kyanwa. Kuma ba wata ƙungiyar kirki ba ce. Ƙwarewarta shan kashi. Idan suna wasa da yamma a can, a nan wajen azahar ne, don haka na tashi na ga Abba yana jingina waya da gwangwanin sukari, yana cin tuwo da hannu ɗaya, yana yi wa mutanen da ba su san da zamansa a duniya ba faɗa da ɗayan.

Mutum ɗaya Abba ya iya shafa wa ciwon, shi ne Ammu Siddiƙ, tela, Bahaushen Sudan da yake da shago a unguwar Ainu Shams. Shi ma ba don yana son wasan ya shiga ba. Ya lura ne cewa ga wani sabon fili da zai riƙa yi wa Abba gardama, ya ce, "Da ni za a yi." Su biyun nan su ne magoya bayan ƙungiyar a nahiyar Afirka baki ɗaya, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Babbar gardamarsu a kan wani yaro ne mai jifa da ƙungiyar ta ɗauko daga sakandare. Dogo ne siriri, da kunnuwa kamar marfin tukunya. Jifansa akwai ƙarfi, sai dai babu saiti: ƙwallon tana iya zuwa hannun mai cafewa, tana iya zuwa Koriya. Abba ya gan shi sau ɗaya ya ce an samu wanda zai fitar da ƙungiya kunya.

"Wannan?" in ji Ammu Siddiƙ, bakinsa cike da allurai. "Ya zol, kai mutumina, wannan ko akuya ka ɗaure masa a gindin bishiya ba zai same ta ba."

"Kalli ƙafarsa ta hagu inda take sauka. Hannu ana gyara shi, ƙafa ita ce ba a saye a kasuwa. A ba shi lokaci."

"A ba shi tikitin mota dai, ya koma ya taya ubansa noman shinkafa."

Haka suke yi har shayi ya huce. Abba ya san tsayin yaron, ya san garinsu, ya san kakarsa ce ta raine shi. Ranar da aka fitar da shi daga wasa bayan ya jefi mutum biyu a haƙarƙari, Abba ya ce ai ba laifinsa ba ne, iska ce. Filin nan rufaffe ne, jama'a. Rufinsa har ya fi na gidanmu kyau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan. Sunan yaron nan dogo ne, mai gargada, ni har yau harshena harɗewa yake yi a tsakiyarsa. Amma Abba yana kiransa tiryan-tiryan, da na gidansu, kamar mai karanta sunayen malamai a ijaza. Ni kuwa ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka kunya biyu ta haɗu a kaina. Kowa yana ce mini Halifa. Abba ko Halifan ba ya faɗa. Idan yana nemana sai ya ce wa ƙanwata, "Hauwa'u, kira mini wancan." Idan ba ta nan sai ya yi gyaran murya, ni kuma in fassara.

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder ba zai ga abin magana a nan ba, haka iyaye suke da ɗan fari. Amma ni a Alƙahira aka haife ni. Ina shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, in ga Bamisire ya rungume ƙaton ɗansa mai gashin baki yana sumbatar goshinsa yana "ya habibi, ya baɗal," wato masoyina, gwarzo, don kawai yaron ya miƙa kuɗin mota bai yar ba. Ni ranar da na zo na ɗaya a hadda, na kawo wa Abba labari da gudu, ya dubi bango ya ce, "To." Da la'asar ɗin ranar ɗan Japan ya yi jifa uku a jere babu kuskure, Abba ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi cikin miya.

Ina ɗan shekara goma sha uku ya rasu. Ya raka wani dattijo ganin likitan ido, ya dawo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin sati ya zagayo mun kai shi. Daga baya muka tashi daga Madinat Nasr muka koma Ainu Shams inda haya ta fi sauƙi, Umma ta fara dafa wa ɗalibai abinci. Wayarsa ta dawo hannuna, da ƙungiyarsa a ciki. Na ce zan goge. Ban goge ba.

To, Abba, da za ka leƙo yau, ga halin da ake ciki. Tsofaffin ƙungiyar duk sun watse, wanda ya yi ritaya ya yi, wanda ya bi kuɗi ya bi. Magoya baya sun rabu biyu, ina karanta faɗansu a intanet waya tana fassara mini. Wasu sun ce a sayo ƙaton mai kulki daga ƙasar waje a huta. Wasu sun ce a haƙura da kofi, a raini yara. Akwai sabon yaro mai kulki, gajere kakkaura kamar tukunyar gas, wanda idan ya sami ƙwallo sai an neme ta a wajen fili, idan kuma bai same ta ba sai ya kusa faɗuwa. Shi kowa yake yayi yanzu. Akwai wani mai cafewa da ake cewa yana da kai, ni dai ban ga inda ya ajiye shi ba. Na san da kana nan da ka zaɓi ɗaya a cikinsu ka haddace sunan kakarsa.

Yaronka kuwa an yi masa tiyata a gwiwar hannu shekarar da ta biyo bayan rasuwarka. Ya dawo, ƙarfin ya ragu, saitin bai ƙaru ba. Ya fi zama a ƙungiya ta biyu, inda 'yan kallo ba su kai mutanen da suke layin burodi a unguwarmu ba. Da kakar wasa ta zo ƙarshe, lokacin da ake sallamar waɗanda ba a buƙata, magoya baya suka haɗa baki a karo na farko: a sallame shi. Wani ya rubuta cewa an ba shi lokacin da ya isa a shuka bishiya a sha inuwarta. Na zauna zan ba shi amsa, na ga duk abin da zan rubuta maganarka ce, kalma da kalma. Na san abin da za ka ce game da ƙafarsa, da hannunsa, da shekarunsa. Ko barci nake yi zan iya kare yaron nan da muryarka.

A daidai wannan lokacin ne sakamakon jarrabawata ya fito. Na faɗi, kuma ba faɗuwar wasa ba, irin wadda malamin nahawu yake ganinka a hanya ya yi maka ta'aziyya. Dole in maimaita aji. Kawuna, yayan Umma, ya kira daga Kano ya ce babu amfanin yaro ya zauna a ƙasar mutane yana maimaita aji uwarsa tana ƙona hannu a murhu, a turo shi ya koyi sayar da yadi a shagonsa. Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce za ta yi shawara. Ni kuwa Kano sau biyu na taɓa zuwa, duka biyun kuma sauro ne ya fi kowa murnar ganina.

Sai na sami kaina ina tambayar da ba ni da amsarta. Na san abin da Abba zai ce a kan ɗan Japan da ya gaza. Ban san abin da zai ce a kaina ba. Ko zai ce a ba shi lokaci? Ko zai dubi bango ya ce "To," ya sayi tikiti? Ban taɓa jin ra'ayinsa a kaina ba, mai daɗi ko marar daɗi, balle in auna.

Na je shagon Ammu Siddiƙ, na zauna a kan buhun ƙyallaye, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaya.

"Ammu, Abba ya taɓa yi maka maganata?"

Ya tsayar da keken. Na ga yana neman ƙaryar da zai yi mini, na kuma ga ya fasa.

"Ko sau ɗaya, ɗana."

"Ko da wasa?"

"Ni ne ma na taɓa yabonka a gabansa, ranar da ka yi wa wata tsohuwa tafinta a kantin magani. Ya ajiye shayinsa ko rabi bai sha ba, ya ce yana da mara lafiya a Abbasiyya. Ranar Juma'a ce, babu likitan da yake aiki." Ya ci gaba da taka keken. "Mu a wurinmu wannan magana ce babba."

Na yarda magana ce babba. Sai dai ba a kai wa kawu rabin kofin shayi a matsayin hujja. Umma ta gama shawararta, ta kira ni kicin, ta faɗa mini tana juya miya ba ta dube ni ba. Bayan ƙaramar Sallah zan tafi. Ban ga laifinta ba, na ga hannunta.

Ɗan Japan kuwa ba a sallame shi ba. An rage masa matsayi, an mayar da shi cikin masu koyo, an ce ya sake gwadawa shekara guda. Magoya baya suka yi ta zagi. Ammu Siddiƙ, wanda ya yi shekaru yana cewa a kore shi, ya ji labarin ya ce, "Khalas, shi ke nan, ƙungiyar nan ba za ta taɓa hankali ba," sannan ya aika aka sayo wa duk wanda yake shagon lemo.

Idan na auna abin da Abba ya bari, ba gida ba ne, ba kuma digirin da bai ƙarasa ba. Akwai tsofaffi a Katsina da Maraɗi da suke gani da idonsu yau saboda ya tsaya a tsakaninsu da likita. Akwai tela guda a Ainu Shams da yake kallon wasan da ba ya so, shi kaɗai, yana gardama da kujera. Akwai kuma ni, da na iya haƙuri da yaron da ban taɓa gani ba, ban kuwa san ko an yi niyyar yin irinsa da ni ba.

Juma'ar da ta wuce muka je maƙabarta ni da Ammu Siddiƙ, don ban san yaushe zan sake zuwa ba. Muka yi addu'a. Da muka shafa, na matsa kusa na ce, "Abba, ba su sallami yaronka ba. Sun ba shi shekara ɗaya."

"Kai, ba a hira da kabari," in ji Ammu Siddiƙ. "Addu'a ake yi. Yalla, mu tafi."

Ya yi gaba kaɗan, sai ya tsaya, ya waiwayo ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Amma har yanzu ba shi da saiti, Malam."

Ya bar ni a tsaye. Na zo da niyyar in faɗa wa Abba sauran: jarrabawar, da kawu, da shagon yadi, da cewa zan tafi in bar shi a ƙasar nan. Tun a jirgin metro nake shirya maganar. Na buɗe baki, sai na ji nauyi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba yana raye. Na iya ba shi labarin ɗan wani. Nawa ya ƙi fita.

Na yi gyaran murya, na tsaya kaɗan ko zai fassara. Sannan na bi bayan Ammu Siddiƙ.

Allah ya jiƙan Abba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.