Masaukin Ruwa a Gindin Ceɗiya

Shekarar da albasa ta yi wa Baba kyau a Aliero, ya shigo gida da shawarar zai shafe tsakar gidanmu kaf da siminti. Mu yara muka hau tsalle. Amma kowa ya san ramin da Kaka Hajjo, mahaifiyarsa, ta haƙa a gindin ceɗiyarta ne zai fara tafiya. Nan ruwan indararonmu yake taruwa, ƙasa ta shanye shi a hankali.

Bayan magariba muka zagaye murhu kamar kullum. Sai dai ranar Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, don Baba na cin tuwo a ƙofar ɗakinsa.

"Ga ta nan gare ku," in ji ta, "har da masu gemu."

Wai Ruwa ne ya zo baƙunci wani gari. Duk gidan da ya yi sallama sai ya tarar an shafe ƙasa sumul, babu wurin zama. Ya bi lungu ya fice a fusace, yana kayar da katangu. Tsohuwa ɗaya ce ta haƙa masa masauki a gindin itacenta. Da bazara ta kama, garin ya yi zafi har kaji na haki, sarki da kansa ya ɗauko tabarma ya zo roƙon inuwa.

"Ta ba shi?" ƙanwata Balki ta tambaya.

"Ta ba shi, amma sai da yat tahi yaf fasa simintin gidanai."

"Kaka, zamanin da akwai siminti?"

"Ke, ɗiyag ga! Ni ka ba da labari ko ke?"

Baba ya yi dariya har ya ƙware. "Inna, na jiya. A bar miki raminki."

Yau ina zaune a Jega, a unguwar da kusan kowane gida siminti ne har bakin ƙofa. Da damina lungunmu ya cika da ruwa, da bazara bango ya yi ta huci. Lokacin gini na sa an bar mini rami, na dasa reshen ceɗiyar Kaka, magini yana ta yi mini dariya. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai.

Bazarar bana maƙwabcina ya yi sallama, tabarma a hammata. Na matsa na ba shi wuri a inuwar ceɗiyar. Sannan na kira yarana su zo su sha tatsuniya, na kuma ɗaga murya.