Inna Hure Mai Injin Shara

Da an idar da sallar asuba, kafin ta ɗora ruwan koko, Inna Hure takan jawo injin shararta mai zuƙar ƙura daga bayan ƙofa ta fito da shi tsakar gida. Sai ta ɗauko soson matatar da ta wanke jiya, ta matse shi a tafin hannu ta ji ko ya bushe sarai. In da sauran laima, ranar babu aiki, ko wa ya aiko. Daga nan ta bi wayar da yatsu tun daga gindinta har bakin filogi, tana neman inda ɓera ya ɗanɗana. Ta ɗaga mesar sama ta leƙa, in ba ta hango haske a ɗaya bakin ba ta zura karan dawa ta turo abin da ya toshe. Ta ɗauki tsohuwar reza ta yanke gashi da zaren da suka nannaɗe buroshi. Sai ta gama wannan duka take tuna cikinta.

Haka take yi shekara da shekaru a nan Kukar Talle, kuma har yau babu wanda ya taɓa miƙewa a taron gari ya ambaci sunanta. An yi wa mai rabon taki kirari, an ɗaura wa ɗan siyasar da ya shafa wa rijiya fenti alkyabba. Matar da ta hana mu kashe 'ya'yanmu da hannunmu kuwa, "mai inji" kawai ake ce mata, wasu ma da ɗan murmushin raini.

Injin nan a unguwar Rijiyar Zaki, can birni, ta samo shi. Ta daɗe tana aikin gida wurin wata Hajiya malamar jami'a, ita ke share ɗakuna da shi, ita ke kula da shi. Da za su tashi zuwa wani gari, Hajiyar ta ce ta zaɓi abin da take so a cikin kayan gidan. Ga firji ga gado, Hure ta nuna inji. Ranar da aka sauke shi daga a-daidaita-sahu a ƙofar gidan mijinta, Malam Nababa, sai da 'yan majalisar gindin darbejiya suka yi dariya har da buga ƙafa. Me za a yi da injin kafet a ɗakin daɓe? Ta lulluɓe shi da tsohon zani ta ajiye.

Amsar ta zo ne ta hanyar da babu mai so. Kowa a garin nan ya san kuɗin cizo. Yana cikin katifa, yana cikin tsagar gado, yana cikin bango. Kuma kowa ya san maganin da aka koya mana a kasuwa, wato ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake don ƙwari, wadda ake kira bom. Mai tebur zai ce maka, "Jefa biyu a ƙarƙashin gado, ka huta." Ba zai gaya maka hayaƙinta ba ya bambanta ƙwaro da mutum ba. Mijin Safara'u, maƙwabciyar Hure, ya jefa. Da gari ya waye shi da matarsa suka tashi suna amai, 'yarsu Humaira, wadda ko yaye ta ba a yi ba, ba ta tashi ba.

Hure ce ta shiga ta ɗauko yarinyar. Ta ce har yau in ta ji warin tafarnuwa sai gabanta ya faɗi, don irin warin da ta tarar a ɗakin ke nan. A wurin zaman makoki aka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Mun yarda da ƙaddara, babu Musulmin da zai musa. Amma mai teburin nan washegari ya sake baje kayansa, kuma mutanen da suka ɗauki gawar Humaira su ne suka sake saye. Wannan ba ƙaddara ba ce, sakarci ne, kuma namu ne.

Bayan sadakar bakwai Hure ta yaye zanin da ke kan injinta. Ta je wurin Iliyasu mai walda, don janaretansa ne kaɗai a garin zai iya ɗaukar injin.

"Ɗana, aron wutarka nake so. Mai ɗaki zai zuba mai."

"Inna, wai da wannan za ki yaƙi kuɗin cizo?"

"Da wannan, da ruwan zafi, da rana. In bai yi ba ka yi mini dariya kai ma."

Ta fara da ɗakin Safara'u. Ta fitar da komai waje, ta bi katifa da siririn bakin mesa ɗinki bayan ɗinki, ta bi tsagar gado, ta bi gindin bango. Ta sa aka kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gadon, aka shanya katifa, aka liƙe tsagogin bango da laka. Da ta gama ta kai jakar ƙurar bayan gida ta zazzage a rami ta cinna wuta, don kada abin da ta kwasa ya koma inda ya fito. Ta kuma gaya wa Safara'u gaskiya, cewa sau ɗaya ba ya isa, ƙwai zai ƙyanƙyashe, sai an maimaita. Tun daga ranar Safara'u ce ke tura mata kurar da ake ɗora janareta, gida gida.

Ke ce, Inna, kika shiga ɗakunan da masu su ke jin kunyar a gani, ba ki taɓa fitowa da zancen kowa ba. Ke ce kika koyi harshen injin nan kamar uwa da kukan jaririnta. In ya yi siririn kuka kin san toshewa ce. In ya yi gurnani kin san boris ne, ƙarfen da injin ke juyawa a kai. In ya ɗauke da kansa ba kya dukansa, kin san zafi ya yi, sai ki cire filogi ki bar shi ya huce ki duba matata. Hure ta Malam Nababa, mai kunnen gane ciwon ƙarfe!

Sai ga daminar da Naziru ya yi abin da ya yi. Naziru ɗan ƙanin Malam Nababa ne, mai shagon sayar da yadi a bakin hanya. Ruwa ya shiga shagonsa ya jiƙa kafet. Ya zo gidan Hure ba ta nan, ta tafi barka, ya ce wa baffansa aron inji yake so na ɗan lokaci. Tsoho ya ji nauyin ɗan ɗan'uwansa ya ba shi. Naziru ya ɗora bakin mesa a kan jiƙaƙƙen kafet ya yi ta zuƙar ruwa da taɓo har injin ya yi tari ya ɗauke. Ya dawo da shi ya jingine a zaure, ko sallama bai tsaya yi ba.

Da Hure ta dawo ta ɗaga shi, ruwan laka ya tsiyayo mata a ƙafa. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin ta fita ba mayafi ba sai ranar. Safara'u ce ta biyo ta da mayafin a guje har shagon Naziru.

"Naziru! Ruwa ka zuƙa da shi?"

"Haba Inna, ai daman tsohon kaya ne. Ya gaji."

"Kai ne ka gaji da tunani! An gaya maka famfo ne? Ka tambaye ni? Ɗakin mai jego ke jiran injin nan!"

Ya kawar da kai ya ci gaba da auna yadi. Mutane suna tsaye suna kallo, babu namiji ɗaya da ya ce masa bai kyauta ba. Wani ma cewa ya yi, "A yi haƙuri, ai ɗa ne." Kullum haka muke, mai ɓarna ɗa ne, mai gyara kuwa ita za a ba haƙuri.

Mai jegon da take nufi Aina'u ce, matar Khamisu ɗan ƙwadago, wadda ta haifi tagwaye. Kuɗin cizo ya mamaye ɗakinsu, jikin jariran duk ya yi ruɗu-ruɗu, ga damina babu ranar shanya. Hure ta yi alkawarin zuwa washegari. Yanzu ga inji a mace.

Ta baje tabarma a rumfa ta kwance shi da sukudireba, tana jera kusoshin a faifai yadda ta ciro su. Jakar ƙura ta zama curin laka. Matata ta toshe kamar an yaɓe ta. Ta wanke su, ta goge cikin injin da tsumma, ta kai hancinta kan kwayil, naɗin wayar cikin injin, ta shinshina. Babu ƙauri. Ta ce, "Alhamdu lillahi, bai ƙone ba." Ta buɗe filogi ta ga fiyus ya tsinke. Iliyasu, da ya zo dubawa, ya ce a naɗa 'yar waya a madadinsa a gwada yanzu. Ta ce a'a. Fiyus ɗin nan shi ya mutu don injin ya rayu, kuma duk wanda ya jona shi da laima a ciki ya gama da shi, wataƙila har da mai riƙe da shi. Sai ya bushe, ko zai kai yaushe.

Khamisu bai iya jira ba. Mutum ne da ke wuni a gonar wani, ya dawo ba barci, ga kukan jarirai biyu. Da hantsi aka zo aka gaya wa Hure an gan shi ya dawo daga kasuwa da ɗan gwangwanin ƙwayar bom. Ta bar abin da take yi ta tafi. Ta same shi a ƙofar ɗaki yana ƙoƙarin buɗe murfin. Ta tsaya a bakin ƙofar ta tokare hannu biyu.

"Khamisu, mene ne a hannunka?"

"Inna, ki matsa. Kin ce gobe, goben ta wuce. Dubi jikin yaran nan!"

"Na gani. Cizo ne, yana warkewa. Ni na ɗauko Humaira daga ɗakin uwarta, ka je ka tambayi Safara'u ko wancan yana warkewa."

"Ɗaya kawai zan sa, in bar taga a buɗe."

"Sai dai ka sa a bakina. Wallahi ba za ta shiga ɗakin nan ina numfashi ba."

Ya tsaya yana huci, idonsa ya yi ja. Can sai ya durƙusa a wurin ya rufe fuska. Ba mugu ba ne, gajiya ce. Hure ta karɓi gwangwanin ta ba Iliyasu ya kai nesa da gidaje ya binne. Ta sa Aina'u ta yi wanka ta sauya kaya, aka tafasa tsummokaran jarirai, ta kwashe su su uku zuwa ɗakinta. Ta ba su gadonta, ita ta koma tabarma da ciwon bayanta.

Injin kuwa ta ajiye shi a buɗe kusa da murhu, nesa da harshen wuta, tana juya shi. Ta hau mota zuwa unguwar Bacirawa a birni, wurin wani mai gyaran fanka da ta saba da shi, ta samo fiyus da sabon kabon, ɗan gawayin nan da ke kai wa injin wuta, don ta ga na ciki ya cinye. Sai da ta tabbata babu ɗigon laima sannan ta mayar da komai mazauninsa. Iliyasu ya tayar da janareta. Ta ce bismillahi ta danna. Injin ya yi tari, ya furzo ƙura, sannan ya kama kukansa na da. Safara'u ta rangaɗa guɗa. Khamisu da kansa ya tura kurar zuwa gidansa, kuma shi ya riƙa ɗaga mata katifa. Tagwayen nan yau suna zuwa makarantar allo da ƙafarsu. Naziru kuwa har gobe bai ce a yafe masa ba.

Yanzu gwiwoyin Inna Hure sun ƙi. Ba ta iya durƙuso a gindin gado, kuma idonta ba ya ganin ƙananan kusoshi sai an miƙo mata. Ta aika Islamiyyar matan aure aka yi sanarwa, duk mai son koyon aikin injin ta zo ta koya mata, kyauta. Gari guda, matan da suka je ba su cika tabarma ɗaya ba. Wasu mazan sun hana, wai aikin ƙazanta ne. Ƙazantar ɗakin wa? Lokacin da ake kwashe ta daga ƙarƙashin gadajenku ba ku ce haka ba. Kuma mai tebur yana nan a kasuwa, gwangwanayensa a jere, yana jiran ranar da za a ce mai inji ta kwanta.

Da aka gaya mata za a rubuta wannan, sai ta ɓata fuska. Ta ce, "Ni me zan yi da yabo? A ce musu su turo matansu. Inji ba ya son komai sai a zazzage jakarsa, a wanke matatarsa, a raba shi da ruwa. Wannan ne zai gagari mace?"

To, Inna, ko ba kya so sai mun faɗa. Mun gode. Mun gode da bayanki da kika karya a ɗakunanmu, da gadonki da kika bayar, da ƙofar da kika tokare. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya haskaka idonki, Ya sa abin da kika yi ya tarye ki ranar da babu mai taimako sai Shi.

Ku kuma mutanen Kukar Talle, godiyar baki ta isa haka. Ƙwayar wake ta tsaya a buhun wake, a rumbu, nesa da inda ake kwana. Wanda ya ari kayan wani ya tambayi yadda ake aiki da shi. Mai mata ya bar ta ta je ta koya, mai ƙarfi ya tura kura. Gidan Malam Nababa ba ɓoyayye ba ne, kuma bayan la'asar tana zaune a rumfa. Ku je tun tana iya nuna muku da hannunta.