Ranar da Aka Yafe wa Sama'ilu Haraji

Sama'ilu maƙeri ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, kuma shekara talatin ba a taɓa bin sa haraji har gida ba. Tartsatsin wuta ya cinye masa ido ɗaya a shekarar samun mulkin kai. Ɗayan ya yi ta dusashewa, ya ƙarasa mutuwa a shekarar da naira ta fito. Daga shi sai matarsa Fatu suka sani. Haka dai yake zato.

A wancan zamani ana yafe wa makaho da gurgu da tsohon da ya gaza haraji. Sai dai a ƙauyen nan, duk wanda aka cire sunansa daga takardar haraji, gidansa da gonarsa sukan koma hannun namijin da ke biya a dangi. Sama'ilu ba shi da ɗa namiji. Akwai dai Lauwali, ɗan ƙanensa, wanda ya tsiri zuwa gaisuwa safe da yamma.

"Baffa, tausayi kake ba ni," in ji Lauwali. "Hukuma ta yi sauƙi, kai kana sayar da akuya? Bari in yi wa dagaci magana."

"Tausayin nan naka bai tsiro ba sai da albasar fadamata ta yi daraja. Bara ina ka ajiye shi?"

Ban ce Lauwali ƙarya yake ba. Mutum kan tausaya maka da gaske, idonsa kuma yana auna gonarka. Sama'ilu ya fi kowa sanin haka, don ta wannan hanyar fadamar ta zo hannunsa daga wani baffansa kuturu.

Kwana uku yana gwajin hanyar gidan dagaci, yana riƙe takunsa a ka. Ranar rubuta sunaye Fatu ta raka shi har bayan masallaci, ta saki gefen rigarsa. Ya tuɓe takalmi daidai wurin da ake tuɓewa, ya shiga zaure, ya durƙusa yana fuskantar kusurwar da dagaci ke zama shekara da shekaru, ya ɗaga hannu ya yi jinjina.

"Ranka ya daɗe!"

Buhunan gyaɗa ne a kusurwar, jiya aka jibge su saboda gara ta shiga rumbu. Dagaci yana bayansa, kusa da ƙofa. Wani ya fara dariya, ya haɗiye.

"Sama'ilu," in ji dagaci a hankali, "ga ni nan."

"Ai na gan ka, ranka ya daɗe. Gyaɗar nake dubawa."

Sama'ilu ya ji alƙalamin malamin haraji ya ja layi.

"An yafe maka, Baba," in ji malamin. "Sai godiya."

Ya miƙa kuɗin akuyar, hannunsa ya daɗe a sama, ba a karɓa ba. Lauwali ne ya kama gwiwar hannun.

"Baffa, a hankali, ga dokin ƙofa."

Kafin rani ya ƙare Lauwali ya sake wa fadamar shinge. Fatu ce ta gani. Ta yi wata biyu ba ta faɗa wa mijinta ba.