Shuwakar Kaka da Haƙoran Kyanwa

Yau sojoji ke miƙa mulki ga farar hula, kowa a layinmu na Sabon Tasha yana manne da rediyo. Ni kuwa ina tsakar gida, ina murza ganyen shuwaka, ina kuka.

Da safe kyanwar Kaka ta ciji 'yata Ladi har jini ya fito. Maigidana ya ce, "Maman Ladi, in kyanwar nan ta ƙara, zan sa ta a buhu in kai ta dajin Kamazou." Ita kaɗai ta rage mini daga Kaka.

Ina tuna Kaka a kan tabarma, zanenta na warin daddawa, kyanwar tana ƙarama tana gatsa mata yatsa. Na ɗauko muciya.

"Ajiye!" in ji Kaka. "Ke kin taɓa daina abu don an doke ki?"

Ta shafa ruwan shuwaka a yatsunta, ta miƙa. Kyanwar ta ciza, ta ja baya tana girgiza kai. Kaka ta jefa mata totuwar masara. "Ga abin cizo. Hannu na shafa ne."

Tun da Kaka ta rasu cizon ya dawo. Na gwada dabararta, amma a hannuna ba ta ci kamar yadda ta ci a hannun Kaka ba.

Ya Ubangiji, ka ba Kaka hutawa. Ni kuma ka ara mini hannunta kafin buhun nan ya fito daga ɗaki.